Waɗanda suka zagaya Sri Lanka da jakar goyo, me ya fara ba ku mamaki?

Ɗan Hanya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanana 9 a Sri Lanka, daga ni sai jakata. Abin da ya fara tarbata a Kolambo, birni mafi girma a ƙasar, zafi ne mai ɗanshi, irin wanda gumi ba ya bushewa a jiki. Rigar da na wanke da daddare gari ya waye tana nan jiƙe. Amma babban kuskurena taswira ce. Na ga tsibirin bai kai kilomita 450 a tsawo ba, sai na jera garuruwa 8 cikin mako 2. Ashe jirgin ƙasa daga Kandy zuwa Ella kaɗai kusan awa 7 yake ci, yana rarrafe cikin duwatsu da gonakin shayi. Wallahi ban yi da-na-sanin ko minti ɗaya a jirgin nan ba, sai dai na soke rabin tsarina. Yanzu ina Ella. Ku da kuka riga ni, me kuka tarar? Kuma kudu zan nufa ko gabas?

Matafiyiya: Wa alaikumus salam ƙanina. Ni sanyi ne ya shammace ni. Na ɗauka duk ƙasar zafi ce, ban sa ko rigar sanyi ɗaya a jaka ba. Da na isa Nuwara Eliya, garin da ke sama da mita 1,800 a kan tudu, haƙorana har haɗuwa suke yi da asuba. Batun kudu ko gabas kuwa, wata ne zai raba maka gardama, domin damina biyu gare su. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana dukan kudu da yamma, lokacin teku tana kwance a gabas, wajen Trincomalee. Daga ƙarshen shekara zuwa Fabrairu sai abin ya juya. Tunda Janairu muke ciki, ka yi kudu.

Malam Mai Yawo: Kada ka bar tsaunukan nan ba ka hau Dutsen Adamu ba, wanda suke kira Sri Pada. Yanzu ne lokacinsa, daga Disamba zuwa Mayu. Tsayinsa mita 2,243, matakalarsa ta haura 5,000. Mun fara hawa wajen ƙarfe 2 na dare don rana ta fito muna ƙololuwa. A can sama akwai wani gurbi a jikin dutse mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buddha sun ce na Buddha ne, 'yan Hindu sun ce na Shiba, wasu Musulmi tun da daɗewa suna danganta shi da Annabi Adamu, Allah ne masani. Ibn Battuta ma ya hau shi a shekarar 1344. Ni ba ibada ta kai ni ba, kallo ne, amma abin da ya zauna min a zuciya tsofaffin mata ne, wasu ba takalmi, jikoki na riƙe da hannunsu, suna hawa a hankali suna hutawa. Wata ta ga na zauna ina haki, ta miƙo min ruwa, ba mu jin yaren juna. Har yau in na tuna ta sai na ji wani abu a raina. Saukowa ta fi hawa wahala, kwana 3 gwiwoyina suna ciwo.

Bawan Allah: A kula da masu keke mai ƙafa uku, tuk-tuk. Ranar farko wani ya zagaya da ni shagon duwatsun ado da ban tambaya ba. Ku daidaita kuɗi da direba kafin ka shiga, ko ya kunna mita. Sauran da na hau mutanen kirki ne.

Ummu Biyu: Ɗana, in za ka shiga wurin bautar mabiya Buddha ka cire takalmi da hula, ka rufe kafaɗa da gwiwa, kuma kada ka juya wa mutum-mutumin Buddha baya don ɗaukar hoto, abin yana ɓata musu rai ƙwarai. Ka riƙe safa, daɓen dutse da rana yana ƙona tafin ƙafa. Ranar cikar wata, da suke kira Poya, hutu ne, bankuna a rufe, jirage da motoci cike. Salla ba ta ba ni wahala ba, kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen Musulmi ne. Mai gidana ya yi Juma'a a jan masallacin nan na unguwar Pettah a Kolambo, wanda aka kammala a 1909, ya dawo yana ta labarin cikar da ya yi.

Ɗan Hanya: Allah ya saka muku da alheri. Malam, ka sa na koma baya, jibi zan hau dutsen in Allah ya yarda, rigar sanyi ma na sayo. Daga nan sai Galle a bakin tekun kudu, in kwana 4 a cikin ganuwar tsohon garin ba tare da na motsa ba.