Yadda ake auna likitan yara mai neman ƙwarewa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Rajistaran Yara: Assalamu alaikum. Ni rajistara ne, wato likita mai neman ƙwarewa, ina shirin jarrabawar Part I, kuma abin da ke damuna shi ne littafin shaidar aiki, inda ake rubuta ayyukan da ka yi babban likita ya sa hannu. Kwalejin Ƙasa da ke Ijanikin a Legas da Kwalejin Afirka ta Yamma, masu ba likitoci shaidar ƙwarewa, duk suna son ka nuna ka yi aiki da hannunka: ɗibar ruwan gadon baya ga yaron da ake zargin sanƙarau, musanya jinin jaririn da shawara ta yi wa yawa, farfaɗo da wanda aka haifa bai yi kuka ba. To amma wa ya tsaya ya gani? A inda nake, galibi sai jarrabawa ta matso ake tattara littattafai a kai wa babban likita ya sa hannu a zama ɗaya. Ku yaya abin yake a wajenku?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Haka na taras, sai da na shiga ɗakin jarirai. Malamarmu ba ta sa hannu sai ta tsaya a kanka. Ranar da na fara musanya jini, tana gefena tun daga zura siririn bututu a jijiyar cibiya, tana lura da yadda nake ja da turawa sannu a hankali, da yadda nas ke rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Muna gamawa ta zaunar da ni minti biyar: ga abin da ya yi kyau, ga inda zan gyara, ranar kaza za ta sake kallo. Wannan zaman ya fi min sa hannu shafi guda.

Sista Mai Dare: Likitoci, ku gafarce ni, a tambaye mu mana. Mu ke tare da masu neman ƙwarewar nan ƙarfe uku na dare a sashen gaggawa na yara. Mun san wanda ke fitowa da kira ɗaya, mun san wanda ke tuna auna sukarin yaro mai jijjiga ba sai an tuna masa ba. Ba a taɓa kawo min takarda in faɗi ra'ayina ba.

Dattijon Likita: Sista, gaskiyarki. 'Ya'yana, ni na horar da da yawa, kuma abin da jarrabawa ta fi kasa kamawa shi ne magana da uwa. Akwai wanda zai zayyana maka maganin tamowa, daga madarar F-75 da ake fara ba yaro zuwa F-100 da ke biye mata, ba tuntuɓe, amma ya kasa fahimtar da uwa dalilin da ya sa ba za a cika wa yaronta ciki a kwanakin farko ba. Sai ta ɗauke ɗanta ta tafi. Shi ya sa a zagaye nake ja da baya in saurari yadda yake mata bayani da Hausa, ko yadda yake sanar da iyaye cewa ɗansu na da sikila.

Rajistaran Yara: Ranka ya daɗe, ina ma kowa zai yi haka. Sai dai wani lokacin babban likita ɗaya ne ga ɗaki cike da yara.

Dattijon Likita: Shi ya sa nake ɗora wa manyan rajistara rabin aikin. Kai ma daga gobe, kafin ka fara ɗibar ruwan baya, kira na gaba da kai ya tsaya, kuma ya sa hannu nan take.