Daga Mata 22 Zuwa Raba Daidai: Musayar Baitoci Kan Gasar Olamfik

Baban Yara:
Salamu alaikum, ku saurara 'yan uwa,
Atina 1896, maza zalla ke fafatawa,
Coubertin mai gasar ya ce aikin mata tafawa,
Paris 1900 aka ɗan buɗe ƙofar shigowa,
Mata 22 cikin 997 ne suka samu karawa.

Hajiyar Zaure:
Malam ka taɓo tushe, ga sauran labarinsu,
Amsterdam 1928 aka bar mata su yi gudunsu,
Da suka gama mita 800 aka ce ya fi ƙarfinsu,
Aka soke tseren, shekara 32 ba a waiwaye su,
Sai a Rum 1960 aka mayar musu da abinsu,
Gudun fanfalaki kuwa sai 1984 ya zo hannunsu.
Ni abin na ci mini rai, wa ya auna ƙarfinsu?

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya, a 1984 mu ma mun yi murna,
Nawal 'yar Maroko ta tsallake shinge ta yi suna,
Derartu Tulu ta Habasha, 1992 a Basalona,
Mita 10,000 ta lashe, kowa ya gani da rana,
Chioma Ajunwa a Atlanta 1996 ta nuna,
Tsallen nesa mita 7.12 ta dira, zinaren farko na Najeriya ƙasar kakana.

Baban Yara:
Na ji ku, amma damuwata ban ɓoye ba,
Ina da 'ya'ya mata, suturarsu ban yi wasa da ita ba,
In fage na nufin tsiraici, ni dai ban yarda ba.

Hajiyar Zaure:
Malam, damuwarka tawa ce, ban raina ta ba,
Landan 2012 Saudiyya ta kai mata, ba ka gani ba?
Sarah Attar ta yi gudu a rufe, ba ta cire ba,
Ibtihaj ta Amurka a Rio, takobi bai hana hijabi ba,
Sifan Hassan ta karɓi zinare a 2024, kanta ba a buɗe ba,
Faransa ce ta hana nata 'yan wasan, wannan bai yi mini ba.

Malamar Firamare:
Yaya Hajiya, Baba, ku ba ni dama in yi magana,
Paris 2024 an raba gurbi daidai, na gani da idona,
D'Tigress, matan Najeriya a ƙwallon kwando, sun kai zagayen 'yan takwas, sun faranta raina,
Coventry ta Zimbabuwe ke jan kwamitin Olamfik na duniya, mace kamar ni ɗin nan na yaba da wannan suna,
Amma ku zo ku ga ɗalibaina a ajina,
Akwai mai gudun da ta wuce samarin unguwar tana dariya da rana,
Filin makaranta an yanka shi filoti, ina za ta gwada, ina?
Ba mai horarwa mace, ba takalmi, uwa ta hana,
Ina roƙon gasar 'yan mata a kowace ƙaramar hukuma bana,
Da katanga, da alƙalai mata, Baba ka kawo naka su haɗu da yarana.