Ƙarin jijiyar kunne: me hoton MRI ya nuna muku bayan an haska shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An gano min ƙari a jijiyar ji ta kunnen hagu, ba ciwon daji ba ne. Aka haska shi da Gamma Knife, wato na'urar da ke saita hasken radiyeshin daidai kan ƙarin don ya daina girma, babu tiyata. Yanzu hoton wata shida ya nuna ya ƙara girma. Akwai wanda ya ga haka? Hankalina ya tashi.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Nawa ma sai da ya kumbura, jiri ya dawo, ƙarar da ke cikin kunnen ta ƙaru. Likita ya nuna min tsakiyar ƙarin a hoton, ta yi duhu, ta daina ɗaukar ruwan allurar da ake yi kafin a shiga na'ura. Ya ce haka yakan faru, galibi tsakanin wata 6 zuwa 18, daga baya ya saɓe. Nawa sai a shekara ta biyu ya fara raguwa.

Amsa ta biyu: Ni tun kafin a taɓa ni na tsare likita da tambaya: hoton nan zai iya faɗa ko maganin zai ci? Ya ce girma dai yana magana, wanda ya wuce santimita 3 ko yake danne ƙwaƙwalwa an fi yi masa tiyata. Suna kuma duba ko akwai ruwa a cikinsa, da kusancinsa da katantanwar kunne, wato sashen can cikin kunne da ke karɓar sauti, don hasken da ya sauka a kanta shi ke rage ji. Ga masu bincike kuma suna koya wa kwamfuta karanta zanen cikin ƙarin, abin da ido ba ya gani, ko za ta hango wanda zai kumbura da wanda zai ci gaba da girma. Amma ya ce har yanzu bincike ne, ba a yanke wa mara lafiya hukunci da shi.

Amsa ta uku: A faɗi ɗaya ɓangaren ma. Ƙarina ya tsaya cak, amma jin kunnen ya yi ta raguwa a hankali. Hoto ya yi kyau, kunne bai yi ba. Ki nemi a riƙa gwada jinki duk lokacin da za a ɗauki hoto.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan nemi a auna shi da hoton farko a gabana, in kuma tambayi batun duhun tsakiyar nan.