Manhajar katunan kalmomi ta yara tana ba ni wahala, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Maman ƴan biyu, Talladje, Yamai:
Assalamu alaikum iyayen yara. Ƴan biyuna suna CP, aji biyu na firamare, na sa masu manhajar nan mai katuna, hoto a gaba, kalmar Faransanci a baya. Kalmar dai Faransanci ce, amma muryar da lafazin Ingilishi take karanta ta. Yaran sun fara kwaikwayo, har madam ɗinsu ta yi mani magana a bakin lakwal. Wani lokacin kuma shiru, ba sauti sam. Don Allah a taimaka.

Mai gyaran salula, Katako:
Wa alaikumus salam Hajiya. Irin wannan kullum ana kawo mana. Da yawa cikin manhajojin nan ba su da muryar kansu, ta wayar suke ara. Ki shiga Paramètres, ki nemi Synthèse vocale, galibi tana ƙarƙashin Accessibilité, ki zaɓi Faransanci ki sauke muryar a inda rezo ke da ƙarfi. In saukewar ta katse, aikin bai yi ba. Shirun kuwa, ƙarar kira daban, ta bidiyo da waƙa daban, ta biyun za ki ɗaga. Abin da nake roƙon kowa: in ta maƙale, Vider le cache za ku taɓa, ban da Effacer les données. Wani bawan Allah ya zo mani ransa ɓace, katunan da ya yi wa ɗiyarsa da hannunsa duk sun tafi, ba yadda na iya.

Malamin lakwal, Tawa:
Mu nan wata iri munka gani. Tabilet ɗin gida babu sim a ciki. Anka ɗauke wuta, caji ya ƙare ƙaf, da ta tashi sai kwanan wata ya koma baya. Manhajar kuwa da kwana take lissafi: kalmar da yaro ya iya ta jinkirta ta, wadda ta ba shi wuya ta maido ta da wuri. Sai ta riƙa ce mana babu kati yau. Da munka gyara kwanan wata komai ya dawo. Amma a lura, ko lafiyarta lau tana iya cewa an gama na yau, haka anka gina ta. Manhajar katunan da ake kira Anki ma sabbin katuna 20 take ba da wa a rana in ba a canza ba, kuma a ganina ɗan CP biyar sun ishe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa. Tun 2025 ita ce harshen ƙasa, amma na rubuta ƙaho, ɓera, ɗaki da Gboard, allon rubutu na Google, manhajar ta maishe da ƙ, ɓ, ɗ ƴan akwatuna. Sai da na sake adana fayil ɗin katunan a tsarin rubutu na UTF-8, na kuma canza zanen haruffa, sannan sunka fito.

Wata yaya, Boukoki:
Ni ƙanena talla ce ke janye shi, taɓawa ɗaya ya faɗa wani wasa, forfe ya ƙare. Yanzu mode avion nake sa masa, in kafe allon da Épinglage. Hotunan dai sai an sauke su tukuna, in ba haka ba katin fari fat zai fito.

Maman ƴan biyu:
Allah ya saka da alheri, murya ta gyaru. Mushe, maganarka ta Hausa ta shige ni. Katunan namu tuffa ne da dusar ƙanƙara, ba raƙumi, ba gero, ba tulu. Na ga wurin ɗaukar murya a jikin kowane kati, jiya na ɗauki hoton turminmu, kakarsu ta faɗi sunan. In na canza waya, yaya zan kwashe muryoyin kada su ɓace?