Neman kalmar Hausa: me za mu kira ƙarfen da ke kashe tanderun gas ana tsakiyar gashi?

Malama mai koyar da girki, Sabon Gari, Damagaram:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina rubuta ƴar takardar jagora da Hausa domin matan da nake koya wa gashin gato da burodi, kuma na tsaya cik a kan kalma guda. Tanderun gas ɗina, wanda galibinmu muke kira fur, ya ɗauki ɗabi'ar mutuwa bayan minti goma ko sha biyar da kunnawa, har sau biyu na fitar da gato ya kumbura ta sama alhali cikinsa ɗanye ne. Mai gyara ya duba, ya ce laifin wani ɗan siririn ƙarfe ne da ke tsaye kusa da harshen wuta, wanda a Faransanci ake rubuta thermocouple. Ba na son in cusa wa ɗalibaina kalmar da harshensu zai yi tuntuɓe a kanta, saboda haka nake neman sunan da za su gane, su kuma iya faɗa wa mai gyara.

Mai gyaran murhu, bakin Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a raɗa masa suna, ya kamata a san aikinsa. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗa bakinsu wuri guda, kuma idan wuta ta gasa wannan mahaɗa sai ta haifar da ɗan kuran da bai wuce milivolt 20 zuwa 30 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin hamsin na ƙarfin batirin tocila. Wannan ɗan kuran yana bin wata jar waya zuwa bayan maɓallin da kike murzawa, inda yake ƙarfafa wani ƙaramin maganaɗisu da ke riƙe ƙofar gas a buɗe. Shi ya sa ake cewa ki danne maɓallin na daƙiƙa goma zuwa sha biyar bayan wuta ta kama, domin ƙarfen ya samu ya yi zafi. Da zarar ya huce, maganaɗisun ya saki, ƙofa ta rufe, gas ya daina zuba.

Don haka sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi a bisa labarin ƙarya. Idan maiƙo da kunkunniya suka lulluɓe kansa, ko aka goce shi daga harshen wuta garin wanke tanderu, ko notin da ya ɗaure jar wayar ya yi sako-sako, sai ya ɗauka wuta ta mutu ya rufe gas. Mu a wurin aiki tarmokupul muke cewa, amma na yarda ba kalmar da za a ba uwargida ba ce.

Malamin kimiyya a lise, unguwar Birni:
Ina ƙara wa bayanin Malam mai gyara cewa wani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ne ya gano a 1821 cewa ƙarafa biyu mabambanta suna haifar da lantarki idan mahaɗarsu guda ta fi ɗayar zafi. Kalmar thermocouple kanta gida biyu ce, zafi da kuma biyun da aka haɗa. Idan muka bi wannan sawu, za mu ce tagwayen zafi, ko ma'auratan ƙarfe. Na fi karkata ga na farko, domin yana riƙe da asalin ilimin, kuma tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, muna bukatar kalmomin da za su zauna a littafin makaranta ba tare da an ji kunya ba.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Zango:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban goyi bayan tagwayen zafi ba. Wanda ya leƙa cikin tanderu abu ɗaya zai gani, ba biyu ba, domin ƙarafan suna ɓoye cikin kube guda, kuma sunan da ido ya ƙaryata ba ya daɗewa a bakin jama'a. Ma'auratan ƙarfe kuwa dariya kawai zai jawo a aji. Bahaushe yakan raɗa wa kayan aiki suna daga abin da suke yi, kamar mabuɗi da madubi da matsefi. A kan wannan ƙa'ida na so in ce majiyin wuta, sai na tuna cewa majiya ta riga ta zama kalmar ƴan jarida, sannan ji kaɗai bai ƙare aikinsa ba, tun da yana ji kuma yana hanawa. Abin da ya fi zauna mini shi ne dogarin wuta. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san cewa dogari ne ke cewa a shiga ko a dakata.

Malama mai koyar da girki:
Baba, dogarin wuta ya yi mini daɗi a kunne. Damuwata ɗaya ce: idan na rubuta cewa a goge kan dogari da soson ƙarfe, ina tsoron ɗalibata ba za ta san abin da za ta nema a cikin tanderu ba. Ina son sunan ya nuna mata siffa. Abin yana kama da tsinken tsire, gajere, mai ɗan kauri. Ko tsinken wuta zai yi?

Mai gyaran murhu:
A'a, Malama, wannan zai haɗa mu rigima da masu kawo aiki. A tanderu mai kunna kansa akwai wani tsinken dab da shi, mai farin gindi na tangaran, wanda ke ƙyasta wuta, mu muna kiransa buji. Duk wanda ya ji tsinken wuta, buji zai nuna. Kuma ina roƙo a rubuta a takardar cewa ba kowace mutuwar tanderu ce laifin wannan ƙarfe ba. Tukunyar gas da ta kusa ƙarewa, ko detandar da ya gaji, wato abin da ake ɗaurawa a bakin tukunya ya rage ƙarfin gas, ko ƙurar hunturu da ta toshe ɗan ramin da gas ke fita, duk suna rage harshen wuta har ya kasa taɓa shi. Akwai ma wanda ya fi yawa a irin abin da kika kwatanta: idan tanderu ya kai zafin da aka saita, tarmosta, wato na'urar da ke lura da zafinsa, yakan rage wutar, kuma idan an saita ƙaramar wutar ƙasa da ƙima, rufe ƙofa da ƙarfi kaɗai ya isa ya hure ta. Wannan gyara namu ne, ba na gida ba. Abin da ba na yafewa shi ne masu cusa ashana ko ɗaure maɓallin da waya don ya zauna a danne, domin ranar da wuta ta mutu da gaske, gas zai cika tanderu babu mai tsayar da shi.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
To, ga sulhu. A ɗauki siffar daga Malama, a ɗauki aikin daga wurina, a ce tsinken gadi, jam'insa tsinkayen gadi. Gadi aro ne, na sani, amma ya daɗe da zama ɗan gida, kuma babu yarinyar da ba ta san maigadi ba. Na janye dogarina ba da son raina ba. Shi kuma tarmosta kada a ce madaidaicin zafi, domin madaidaici yana nufin abin da ke tsaka-tsaki. Mai daidaita zafi ya wadatar.

Malamin kimiyya:
Na amince da tsinken gadi a kicin, da sharaɗin a sani cewa a masana'antu galibi ana amfani da irin wannan ƙarfe wajen auna zafi kawai, ba gadin komai, kuma a can sunan ba zai dace ba. Zan ci gaba da gwada tagwayen zafi a ajina in ga ko zai kama.

Malama mai koyar da girki:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta jimlar, a gyara mini idan da kuskure: "Idan tanderu ya mutu ana gashi, ki rufe tukunyar gas, ki buɗe ƙofarsa da tagogin kicin, ki jira ya huce, sannan ki duba ko tsinken gadi yana da tsabta kuma kansa yana daidai inda harshen wuta ke tashi, idan ya sake mutuwa, ki kira mai gyara."

Mai gyaran murhu:
Ta yi, Malama, sai dai ki ƙara cewa kada ta ƙyasta ashana matuƙar tana jin warin gas.