Ƙololuwa ta yi faɗi a HPLC: a sayi dogon kolum ne?

Bashir (Jidda): Assalamu alaikum, manya. Da HPLC nake aiki, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur. Kolum ɗina (bututun da ake rarrabewar a ciki) C18 ne, wato silikarsa na da rufin sarƙar kabon 18, tsawo milimita 150, faɗi 4.6, ƙwayar silika maikiron 5, gudu mililita 1 a minti. Ƙololuwar maganin (tsinin da na'urar ke zanawa idan ya fito) tana fita a minti 6, faɗinta a rabin tsayi minti 0.18, tana jan jela, ta kuma manne da maƙwabciyarta. Maganin yana da amin (amine, rukunin sinadari mai naitirojin). In nemi na milimita 250?

Dakta Hauwa (Riyad): Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da lissafi. Raba 6 da 0.18, ka ninka abin da ya fito da kansa, sannan da 5.54. N, wato adadin da ke nuna ingancin kolum, ya zo kusan 6,200. Lafiyayyen kolum irin wannan yakan ba da wajen 12,000, ka ga rabi ya tafi. Dogo ba zai fisshe ka ba. Ko ka ninka tsawon, rabuwar sau 1.4 kawai za ta ƙaru, lokaci da matsi kuwa su ninka.

Malam Usman (Makka): Gaskiyar Dakta. Bashir, zuba tuluwin (toluene, sinadarin gwaji marar amin) ka gani. In shi ma ya ja jela ko ya rabe biyu, to matatar bakin kolum ta toshe, ko silikar ta zauna ta bar rami. In ya fito siriri, laifin silanol ne, wato wuraren jikin silika da C18 bai rufe ba: su ke riƙe amin, su sake shi a hankali. Haɗa bafa (ruwan da ke tsayar da pH wuri ɗaya) ta fosfet milimola 25, ka sauko da pH zuwa 2.5 ko 3. Kar ka yi ƙasa da 2, C18 ɗin zai fara ɓallewa. Sama da 8 kuma silikar kanta ke narkewa.

Dakta Hauwa: A me ka narkar da samfurin?

Bashir: Metanol zalla, ranki ya daɗe, maikirolita 50.

Dakta Hauwa: To ga ɓarawo ɗaya. Metanol zalla ya fi ruwan da ke gudana ƙarfi, sai ya kwashi maganin ya baza shi tun a bakin kolum. Narkar da shi a ruwan gudun kansa, ka tace da matata ta maikiron 0.45, ka zuba maikirolita 10.

Injiniya Sani (Yanbu): Kar a ce maka rage gudu sosai yana gyara komai. Lissafin van Deemter na 1956 ya nuna H, ma'aunin bazuwar magani a kolum, yana da gudun da ya fi ƙanƙanta a kansa: ka yi sanyin gudu, maganin ya bazu da kansa a hanya, ka yi sauri, bai gama shiga da fita ramukan silika ba. Bar gudun a mililita 1 a minti. Saita murhun kolum a digiri 35, don mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na kunnawa yana mutuwa, lokacin fita yana ta yawo.

Malam Usman: Ranar Alhamis kafin ka tashi, wanke fosfet ɗin minti 30 da ruwa kashi 90, metanol 10, sannan ka ajiye shi a metanol mai yawa. Gishirin da ya kwana hutun Juma'a da Asabar a ciki, Lahadi matsi zai nuna maka.

Bashir: Allah Ya saka da alheri. Da tuluwin zan fara gobe da safe.