Shekara ta 2 a horon tiyata, ɗaurin zarena ya fara kwancewa

Sabon_Hannu:
Salam likitoci. Wlh na gaji. Jiya bayan kwanan kol (aikin dare a asibiti) ina rufe fata sai ɗaurin ya kwance har sau biyu, oga bai ce uffan ba ya miƙo hannu kawai ya karɓi allurar, shirun nan gara zagi. Yau kuma an raba mana wata takarda wai mu cike mu gano kyawawan halayenmu, mutum ko barci bai samu ba ana masa zancen hali. Tana da amfani kuwa?

TsohuwarAlmakashi:
Ƙanina in VIA ce, wato gwajin halaye na masana Peterson da Seligman, ta 2004, mai halaye 24, nima da farko raina ta na yi. Tawa ta fito da juriya da iya zama da mutane, na ce to wannan me ya haɗa shi da wuƙa, ashe ni ce duk dangin majinyaci ke nema in musu bayani kafin su sa hannu, da na gane akwai inda na fi kowa sai tsoron oga ya ragu, shi kuma ɗauri na koma ina yinsa a hannun kujera minti 15 kullum har yatsuna suka haddace. Hannu mai tsoro ya fi mai gajiya rawa.

Dakta_BaBarci:
Anti ki yi haƙuri, takarda ba ta biyan bashin barci. Amurka ma sai da wata majinyaciya, Libby Zion, ta rasu a New York a 1984 aka fara duba awannin aikin likitocin da ke karɓar horo, 2003 aka ƙayyade awa 80 a mako, Turai 48. WHO a 2019 ta ce ƙonewa (burnout, wato matsananciyar gajiyar jiki da zuciya) daga wurin aiki take tasowa. To a gyara jadawali tukuna.

TsohuwarAlmakashi:
Ban ƙi ba, amma binciken FIRST na 2016 da aka sassauta wa wasu masu koyon tiyata a Amurka dokar awannin kol, sakamakon majinyata bai bambanta ba. Kenan ba agogo kaɗai ba ne. Kai dai Sabon_Hannu ka samu ogan cikin natsuwa ka tambaye shi me ya gani a ɗaurin naka, in kuma ka ji majinyata sun fara zame maka lambar gado kawai, kar ka ɓoye, ka je ka ga likita.

Sabon_Hannu:
Na gode Anti. Zan cike ta gobe, yanzu dai an kira ni imajansi.